Lambun Kayan Miya a Saman Gida: Yadda Ake Yi a Makka, Jidda da Madina

Tambayoyin da 'yan uwa mazauna Makka, Jidda da Madina suke ta aiko mana kusan iri ɗaya ne. Wata ta ce tumatirinta ya yi fure har ya ba da sha'awa, sai furen ya zube bai ɗaura ko ɗa ɗaya ba. Wani ya ce yakuwarsa ta tsiro lafiya, bayan mako biyu bakin ganyen ya ƙone. Wasu kuma so suke su fara, amma a shagga, wato ɓangaren haya a gidan bene, suke zaune, ba su da ko taku ɗaya na ƙasa. Ƙwarewar noma da aka zo da ita daga gida tana da amfani, sai dai a Hijaz, yankin da garuruwan nan suke, abubuwa uku suna juya wa mutum lissafi: lokacin shuka, gishirin da ke taruwa a mazubi, da zafin siminti. Ga yadda ake bi, daki-daki.

1. Wuri da izinin mai gida

A fara da neman izini. Yawancinmu haya muke yi, kuma saman imara, wato benen da ake haya a ciki, na kowa da kowa ne, ga tankunan ruwa, ga igiyar shanya. A yi magana da mai gidan ko harisu, wato mai gadin ginin, tun kafin a sayi komai.

Sannan a hau saman sau uku a yini ɗaya, da hantsi, da azahar, da la'asar, a ga inda rana take faɗawa. Wurin da ake so shi ne wanda yake samun ranar safe ta awa biyar zuwa shida, inuwa ta rufe shi bayan azahar. Gindin katangar da ke yamma da mazuban ya fi ko'ina, domin ita za ta tare ranar la'asar. A nisanci bayan mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, iskar da yake hurowa tana busar da ganye cikin kwana biyu.

Hattara da nauyi. Bokiti mai lita 20 da aka cika da haɗin ƙasa aka jiƙa yakan kai kilo 20 zuwa 25, idan kuwa yashi ne zalla ya kusa kilo 40. A jera mazubai a gefen katanga da saitin ginshiƙai, kada a tara su a tsakiyar rufin. A tsofaffin gine-gine a taƙaita, goma ma sun isa.

Kada a aza mazubi kai tsaye a kan siminti ko tayil. A ɗora shi a kan bulo biyu ko katakon ɗora kaya, iska ta riƙa wucewa ta ƙasa. Hakan yana hana zafin daɓe dafa saiwa, yana kuma hana danshi kwanciya har ya tsatsa zuwa ɗakin maƙwabcin da ke ƙasa. A tabbatar indararo a buɗe yake. Ruwan sama a nan ba ya yawan zuwa, amma idan ya zo da ƙarfi yake zuwa, mutanen Jidda ba su manta da ambaliyar Nuwamban 2009 ba, kuma ƙasar da ta zubo daga mazubi ita ce ta farko wajen toshe magudana.

2. Lokacin shuka

Nan ne aka fi yin asara, don haka za mu daɗe a kai.

A gida damina ce lokacin shuka. A nan sanyi ne daminarmu. Daga Mayu zuwa Satumba zafin rana a Makka da Madina yakan wuce digiri 40, saman siminti kuwa ya fi haka nesa. Tumatir ba ya ɗaura 'ya'ya idan zafin yini ya haura kamar digiri 35 kuma dare bai yi sanyi ba, ƙurar furen ce take mutuwa. Wanda ya dasa tumatir a Maris zai ga ganye shar, fure ya fito ya zube, ya zaci taki ne ya yi kaɗan ya ƙara, ba abin da zai canja.

A yi lissafi da watannin Miladiyya. Watannin Hijira suna matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, wanda ya ce "bara a Rabi'ul Awwal na shuka" ba a jima zai sami kansa cikin zafi. Larabawan ƙasar suna duba fitowar tauraron Suhailu wajen 24 ga Agusta a matsayin alamar zafi ya fara karyewa, to amma a Makka da Jidda karyewar tana jinkiri, kada a yi gaggawa.

Daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Oktoba ake renon tumatir, tattasai, attaruhu da gauta, a cikin inuwa. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba a dasa su, a kuma shuka latas, jarjir (ganyen salak mai ɗan yaji), kuzbara (koriyanda), albasa mai ganye, karas da kabeji. Ana iya ci gaba da shuka ganyayyakin nan duk bayan mako uku har Janairu. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu lokacin 'yan gida ne masu jure zafi: kuɓewa, lalo, alayyafo, yakuwa, rama, wake da zogale. Ana kuma iya sake zuba kuɓewa da alayyafo a ƙarshen Agusta.

Lalo da yakuwa suna da wani hali. Idan yini ya gajarta sai su yi sauri su yi fure tun suna ƙanana. Shi ya sa lalon da aka shuka a Nuwamba bai kai taƙi biyu ba zai fara fitar da 'ya'ya, ganyen ya tsaya. Mai son ganye ya bari sai Maris. Mai son zoɓo kuwa ya shuka yakuwa a Yuli ko Agusta ƙarƙashin raga, ta girma, ta yi fure idan sanyi ya shigo.

Madina ta fi Makka da Jidda sanyin dare a Disamba da Janairu, tattasai yakan tsaya cik a lokacin, ya dawo da kansa a Fabrairu. Ɗa'ifa, da take kan dutse mai tsawon kusan mita 1,800, lissafinta daban ne, can ana dashen tumatir a bazara.

3. Mazubai

Ba sai an sayi tukwanen fure ba. Akwatunan farin soso da ake zuba kayan lambu a halaga, wato babbar kasuwar gwari, irin waɗanda ake zubarwa a kasuwar Ka'akiyya a Makka, sun fi duk abin da za a saya, domin ba sa ɗaukar zafi kuma ba su da nauyi. Su ake ba ganyayyaki: latas, jarjir, alayyafo, lalo, kuzbara. Zurfin santimita 15 zuwa 20 ya ishe su.

Tumatir, tattasai, attaruhu, gauta da kuɓewa kowanne bokitinsa, mai lita 18 zuwa 20, tushe ɗaya a bokiti ɗaya. Zogale yana son rabin duro, lita 50 ko fiye.

A huda gindin kowane mazubi huji shida zuwa takwas, faɗin ɗan yatsa ƙarami, a ƙara biyu a gefe kusa da ƙasa. A shimfiɗa guntun buhu ko raga a ciki don kada ƙasa ta zube.

Baƙin roba da gwangwanin ƙarfe suna yin zafi har hannu bai iya taɓa su. Idan su aka samu a shafa musu farin fenti ko a naɗe su da buhun algarara. Jarkar da aka taɓa zuba sinadari, man inji ko maganin ƙwari ba ta shiga lambun abinci, ko an wanke ta sau nawa.

4. Haɗin ƙasa

A mashtal, wato inda ake sayar da tsirrai, za a sami duk kayan haɗin. Ga ma'aunin, da kwano ɗaya ake aunawa:

kwano 2 na bitmos (ruɓaɓɓen gansakuka da ake sayarwa a buhu) ko garin ɓawon kwakwa
kwano 1 na ruɓaɓɓen taki
kwano 1 na jan yashin noma
rabin kwano na farin tsakuwar nan mara nauyi da ake kira farlait, idan a saman gida ne

A jiƙa bitmos tun da dare, domin busasshensa ba ya shan ruwa, sai ruwan ya bi gefe ya fice mutum yana zaton ya yi ban ruwa. A gauraya sosai a kan leda. Idan an dunƙula a hannu ya kama, aka taɓa shi da yatsa ya wargaje, haɗin ya yi. A cika mazubi a bar santimita uku daga baki, a yi masa ban ruwa har ya fita ta ƙasa, a bar shi kwana uku kafin shuka.

Kada a kwashi yashin gini ko na bakin teku, gishiri ne da shi. Kada kuma a zuba ɗanyen kashin tumaki da aka samo daga kasuwar dabbobi. Yana ƙona saiwa, yana zuwa da irin ciyawa da ƙudaje. A nemi wanda aka rubuta an sarrafa shi a buhunsa, ko a tara ɗanyen a jiƙa a rufe wata biyu zuwa uku har warinsa ya koma na ƙasa. Kashin tattabara, ga masu kiwonsu a sama, ya fi na tumaki ƙarfi sosai, cikin tafin hannu ɗaya na busasshe ya ishi bokiti guda.

Sai toka. A gida mun saba watsa ta a gona, kuma tana yi, domin ƙasarmu da yawa tana da tsami. Ƙasa da ruwan nan kuwa sun riga sun karkata wajen kanwa, toka tana ƙara musu ne, sai shuka ta kasa jan sinadarin ƙarfe. A bar tokar gawayi a inda take.

Maganar kuɗi: wanda zai fara da mazubai goma, idan akwatuna da bokitai kyauta ya samo su, abin da zai kashe ya danganta da gari da shago. Bitmos da ragar inuwa su ne suke cin mafi yawa. Iri ba shi da tsada. Babban buhun bitmos ɗaya ya fi ƙananan leda biyar araha, maƙwabta biyu su haɗa su raba. A shekara ta biyu kuɗin yana raguwa ƙwarai, saboda ƙasar ba zubar da ita ake yi ba.

5. Iri, reno da dashe

Da yawa daga kayan miyarmu suna nan da sunan Larabci. Kuɓewa ita ce bamiya, lalo shi ne mulukiyya, yakuwa ita ce karkade. Kuzbara da hulba ana iya shuka na wurin mai kayan ƙamshi, a murje ƙwayar kuzbarar ta rabu biyu tukuna. Na'ana'a ba ta bukatar iri, reshe huɗu daga damin da aka saya a bagala, wato shagon unguwa, a tsoma a kofin ruwa mako ɗaya, saiwa za ta fito. A ba ta mazubinta ita kaɗai, in ba haka ba ta cinye na kowa. Gindin albasa mai ganye ma idan aka dasa zai sake tohowa. Mai son a taho masa da iri daga gida ya san cewa shigo da iri da tsirrai ta filin jirgi yana da doka, kada a ɗora wa alhaji abin da zai ba shi wahala.

Tumatir da danginsa a kofunan takarda ake renonsu, a huda gindi, a cika da bitmos zalla, ƙwaya biyu a kofi, zurfin rabin santimita. Tumatir yana tsirowa cikin kwana biyar zuwa takwas. Tattasai yakan kai mako biyu, attaruhu har mako uku, a yi haƙuri da shi. Da zarar sun leƙo a fitar da su inda haske yake. Tsiron da aka bari a ɗaki mai mukayyif sai ya yi tsawo siriri kamar zare ya faɗi. Idan duka biyun sun tsiro a datse mai rauni da almakashi.

Ana dashe idan tsiro ya yi ganye huɗu zuwa biyar, wato mako huɗu zuwa biyar ga tumatir, shida zuwa takwas ga tattasai da attaruhu. A yi shi bayan la'asar. Tumatir a binne shi har kusa da ganyen farko, karan zai fitar da sabuwar saiwa. Tattasai kuwa a daidai inda yake a kofi. A kafa sanda tun ranar, kafa ta daga baya tana tsinka saiwa.

Kuɓewa ba ta son dashe. A jiƙa irin ya kwana, a sa ƙwaya uku a bokiti, zurfin santimita biyu, a bar ɗaya bayan kwana goma. Alayyafo da lalo ƙwayarsu ƙanana ce, a gauraya cokali ɗaya da cikin hannu na yashi a barbaɗa, a rufe da ƙasa sama-sama. Irin lalo yana da guba, a ɓoye shi daga yara da kaji.

6. Ruwa

Ruwan famfon Makka da Jidda yawancinsa daga teku aka tace shi, a tashoshi irin ta Shu'aiba, kuma kuɗinsa hawa-hawa ne, yawan sha yawan tsadar kowace lita. Saboda haka lambun da zai ɗore shi ne wanda ya dogara da ruwan da gida yake zubarwa.

Na farko ruwan mukayyif. A Jidda, saboda laimar teku, mukayyif ɗaya yana iya cika jarka mai lita 10 ko fiye a yini lokacin zafi. A Madina bai kai haka ba, iskarta busasshiya ce. Ruwa ne da kusan babu gishiri a cikinsa, ya fi na famfo dacewa da shuka. A sa tiyon ya zuba cikin jarka mai ƙaramin baki. Ba na sha ba ne, kuma idan an wanke mukayyif ɗin da sinadari a zubar da ruwan kwana biyun farko. Tunda ba shi da abinci ko kaɗan, shukar da ke shan sa kaɗai tana bukatar taki a kan kari.

Na biyu ruwan alwala. A ajiye baho a wurin, gida mai mutum shida yana tara abin mamaki kafin isha. Sai ruwan wankin shinkafa da na kayan lambu. Waɗannan a yi amfani da su a ranar, idan suka kwana suna tsami.

Ruwan da ba a zubawa: na wanki mai omo ko bilic, na wanke-wanke mai maiƙo, na wankin nama da kifi (kuliyoyi za su tone mazubin a daren), ruwan da aka dafa abu da gishiri, da ruwan da na'urar tace ruwan sha take fitarwa ta baya. Wannan na ƙarshen yana yaudarar mutane, ga shi fari tas, alhali duk gishirin da aka tace a cikinsa yake. Ruwan wayit kuma, wato motar tanka mai kawo ruwa, a tambaya, idan na rijiya ne mai zartsi a gauraya shi rabi da rabi da na mukayyif.

Ban ruwa bayan asuba ya fi. A zafi a ƙara na biyu dab da magariba. A tsoma yatsa zuwa gaɓa ta biyu, idan da danshi a bari. Tumatir babba a bokiti yakan sha lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a yini cikin sanyi, ya kai lita biyu zuwa uku a Maris da Afrilu. A zuba a gindi, ba a kan ganye ba. Kuma a taɓa ruwan tukuna: tankin sama da tiyon da ya yini a rana suna fitar da ruwan da zai iya dafa saiwa. A tara a baho da dare ya huce.

Gishiri a hankali yake taruwa. Alamarsa farin ɓawo a saman ƙasa da bakin mazubi, sai bakin ganye ya bushe kamar an ƙona shi da wuta. Sababinsa ban ruwa kaɗan-kaɗan wanda ba ya fita ta ƙasa: ruwan ya tafi sama, gishirin ya zauna. Sau ɗaya a wata a kankare farin ɓawon, a zuba ruwan mukayyif mai yawa a hankali, kamar lita 10 ga bokiti mai lita 20, ya ratsa ya fice.

Ga mai tafiya, ko masu aikin da ba sa samun kansu a Ramadan da lokacin Hajji: a huda murfin gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi da allura mai zafi, a yanke gindinta, a kifa ta cikin ƙasa a cika. Tana riƙe bokiti kwana ɗaya zuwa biyu. Ƙaramin tulun ƙasa mara fenti da aka binne har wuya ya fi ta, yana tsatsa daidai yadda ƙasar take bukata. Idan mazuban sun wuce ashirin, siririn tiyo mai ɗigo da agogon batir mai buɗe ruwa da kansa ya cancanci kuɗinsa.

Hattara da sauro. Zazzaɓin dengi yana nan a Jidda da Makka, kuma sauron da ke kawo shi a ruwa mai tsabta da ke cikin gida yake ƙwai. Duk jarka da baho a rufe su, kada a sa faranti a ƙarƙashin mazubi, kada ruwa ya wuce kwana uku a ajiye a buɗe.

7. Inuwa da lulluɓi

Daga Maris a ɗaura koriyar raga mai tare rabin hasken rana, a Yuni zuwa Agusta mai tare kashi 70 cikin 100. A ɗaga ta mita biyu don iska ta wuce, a ɗaure kusurwoyin da waya, iskar ƙura tana ɗauke ragar da aka ɗaura da zare. A Nuwamba a kwance ta, tumatirin sanyi rana yake so.

A rufe saman ƙasar da busasshen ganye, ragowar harawa ko yagaggen kwali, kaurin yatsa biyu, a bar ɗan fili a jikin karan. Wannan kaɗai yana rage ban ruwa sosai.

8. Takin gida

A samu bokiti mai murfi ko duron roba, a huda shi ko'ina har gindi, a ɗora a kan bulo a inuwa. A fara da yagaggen kwali a ƙasa. Duk kwano ɗaya na ɗanyen shara, wato ɓawon albasa, dankali, ayaba, kankana, ganyen shayi, tukar gahawa da dakakken ɓawon ƙwai, a rufe shi da kwano biyu na busasshe: kwali, busasshen ganye, katan ɗin ƙwai. A yanka komai ƙanana. A juya da sanda sau biyu a mako. Danshinsa ya zama kamar tsumman da aka matse.

Idan yana wari, ruwa ya yi yawa, a ƙara kwali a juya. Idan mako uku ya wuce ɓawon yana nan yadda yake, ya bushe ne, wanda shi ya fi faruwa a Makka da Madina, a yayyafa ruwa. A zafin nan yakan nuna cikin mako shida zuwa takwas bayan an daina ƙara sabo, don haka bokiti biyu ake yi, ɗaya yana cika ɗaya yana nuna.

Kada a sa ragowar kabsa (dafa-dukan shinkafa da nama), nama, ƙashi, mai, madara ko kashin kyanwa. Ɓeraye da kyankyasai za su zo, maƙwabta kuma su kai ƙara, da gaskiyarsu.

Duk mako uku a zuba cikin hannu biyu na takin a saman kowane bokiti. Mai son ƙarawa da na zamani ya sayi mai narkewa, wanda aka rubuta 20-20-20, giram ɗaya a lita ɗaya, duk mako biyu, kuma a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kada a ninka don a ga sauri, shi ma gishiri ne. Idan sabon ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa suna kore, ƙarancin ƙarfe ne, a ce wa mai mashtal a ba da hadid, wato takin ƙarfe. Idan tsohon ganyen ƙasa ne ya yi rawaya gaba ɗaya, yunwa ce ko ruwa ya yi yawa, yatsa zai bambance.

9. Ƙwari da cututtuka

A riƙa juya ganye ana duba bayansa sau biyu a mako, can suke ɓuya. Farin ƙuda ƙarami mai tashi idan an girgiza shuka shi ne babban abokin gaba, domin yana ɗauko cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir ya ƙanƙance ya yi rawaya. Ba ta da magani. Tushen da ya kamu a cire shi a ɗaure a leda a jefar, kada a sa a taki. A rataya katin nan mai rawaya mai danƙo tun ranar dashe. Tsutsar da manoman Kano suke kira sharon ita ma tana nan, tana cin cikin ganye ta bar shi kamar farar takarda. A tsinke ganyen da ta shiga tun tana kaɗan. Darɓa da farin ƙwaro mai kama da auduga suna son kuɓewa da yakuwa, duk inda aka ga tururuwa tana hawa tana sauka a duba.

Maganin yana bakin titi. Dogon yaro ya cika Makka, har filin Arafa an dasa shi. A tsinci busassun 'ya'yansa a ɓare, a daka giram 50 na ƙwayar, a jiƙa a lita ɗaya na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a ɗiga rabin ƙaramin cokali na sabulun ruwa. A fesa bayan ganye da magariba, duk kwana bakwai, sau uku a jere. Feshin rana yana ƙona ganye. A gwada a reshe ɗaya tukuna, a haɗa sabo kowane lokaci, a kuma wanke ganye sosai kafin a dafa, saboda ɗaci.

Tumatirin da gindinsa ya yi baƙi ya lotsa ba ƙwaro ba ne. Ban ruwa ne yau da yawa gobe babu. A daidaita ruwan, a ƙara lulluɓi, 'ya'yan da za su biyo baya za su fito lafiya. Idan kuma fure yana zubewa alhali ana sanyi, a riƙa kaɗa sandar tumatirin a hankali da hantsi, a saman bene ƙudan zuma ba ya yawan zuwa.

10. Girbi, ajiyar iri da hutun zafi

Jarjir da alayyafo ana fara yankarsu a mako uku zuwa huɗu, lalo a kwana 40 zuwa 50. A yanka a bar taƙi ɗaya, su sake tohowa, ana samun yanka uku ko huɗu. Kuɓewa tana fara 'ya'ya a kwana 50 zuwa 60, a riƙa tsinka duk kwana biyu, idan aka bar ɗaya ya ƙosa uwar sai ta rage haihuwa. Zogale a datse kansa idan ya kai mita ɗaya don ya yi rassa, in ba haka ba sai ya miƙe kamar gora iska ta karya shi. Abin da ya yi yawa a shanya a inuwa, ganyen da aka shanya a ranar Makka fari yake komawa.

A ƙarshen kaka a ware tushe ɗaya mafi lafiya a bar shi ya yi iri. A busar sosai, a zuba a kwalba, a rubuta suna da shekara, a sa a ƙasan firji, domin zafin kabad yana kashe iri cikin bazara ɗaya. Irin da aka rubuta F1 a jikin ledarsa ba ya maimaita uwarsa, wannan sai dai a sake saye.

Idan tumatir da latas sun ƙare a Afrilu ko Mayu, a juye ƙasar mazuban, a tsince saiwoyi. Saiwar da ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi alamar tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani. A jiƙa ƙasar, a zuba a farar leda mai kauri, a ɗaure baki, a shimfiɗa a tsakiyar rana mako huɗu zuwa shida cikin Yuli da Agusta. A farkon Satumba a kwance, a ƙara mata kashi ɗaya cikin huɗu na sabon taki, a wanke ta da ruwan mukayyif sau ɗaya, sannan idan lokacin dashe ya yi a sa tumatir a bokitin da kuɓewa ta zauna bara, kuɓewa kuma ta jira Fabrairu a na tumatir.